Kuɗin nakasa a Amurka: "da sauƙi" a gaban likita, "an ƙi" a cikin wasiƙa

Bahaushe ko yana kan gargara aka ce masa "ya jiki?", abin da zai fito daga bakinsa shi ne "da sauƙi". Tarbiyya ce, kuma a zaure ko wajen dubiya ba ta da aibu. Amma a Amurka akwai ɗakin da wannan kalma kan jawo wa mutum asarar dubban daloli, shi ne ɗakin likitan ƙwaƙwalwa. Duk abin da majiyyaci ya faɗa a nan likita zai buga a kwamfuta. Bayan wata takwas ko shekara guda, wani ma'aikacin gwamnati da bai taɓa ganin fuskar majiyyacin ba zai buɗe fayil ɗin ya karanta cewa mutumin ya ce yana samun sauƙi, tufafinsa tsaf, yana amsa tambaya daidai. A kan irin waɗannan layuka zai tsayar da hukuncin ko mutumin ya cancanci kuɗin nakasa ko bai cancanta ba.

Dokar Amurka ta daɗe da yarda cewa lalurar ƙwaƙwalwa na iya hana mutum neman abinci kamar yadda shanyewar ɓarin jiki ke hanawa. Wannan abin a yaba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar tabbatarwa. Mai karaya yana da hoton ƙashi, mai ciwon ƙoda yana da gwajin jini, shi kuwa mai matsanancin ciwon damuwa ba shi da komai sai abin da aka rubuta a kansa. Kuma duk abin da ake so ya yi don a samu wannan rubutun, wato zuwa asibiti a kan lokaci, cika takardu, amsa waya, buɗe wasiƙa, shi ne ainihin abin da ciwon ya ƙwace masa. A ganina tsarin ya ɗora kayan a kan wanda wuyansa ya fi rauni, kuma ɗabi'unmu na kunya da rufin asiri suna ƙara wa kayan nauyi.

Hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan kuɗin nakasa, wato Social Security, wadda ake taƙaitawa SSA, tana da asusu biyu, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko SSDI, wanda aka kafa a 1956. Inshora ce: wanda ya yi aiki aka riƙa yankar haraji daga albashinsa shi ke da haƙƙi a ciki. Ana lissafi da maki. A 2025 kowace dala 1,810 da mutum ya samu ta ba shi maki ɗaya, kuma ba a wuce maki huɗu a shekara. Wanda ya kai shekara 31 zuwa sama yana buƙatar maki 20 a cikin shekaru goman da suka gabaci nakasar, wato aikin shekara biyar ke nan. Matasa ana rage musu. A nan ne masu aikin hannu-da-hannu suke shan mamaki. Mai kitso a gida, mai tukin tasi da ke bayyana wa hukumar haraji ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mai aikin kanti da ake biya a ambulan, duk sun ji daɗin kauce wa haraji, ranar ciwo kuma su tarar ba su da maki. Inshorar kuma tana da ranar ƙarewa, galibi kimanin shekara biyar bayan mutum ya bar aiki. In ya zauna a ɗaki shekara bakwai dangi na ɓoye shi, sannan aka je nema, dole a kawo hujjar likita da ke nuna ya nakasa tun kafin wannan ranar. In ba a kai shi asibiti a waɗancan shekarun ba, to babu hujjar, kuma ba za a iya ƙirƙiro ta yanzu ba.

Na biyu SSI, wanda aka fara biya a Janairun 1974. Shi ba ya duba aikin da ka yi, talaucinka yake dubawa. A 2025 mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya dala 967 ne a wata, ma'aurata 1,450, wasu jihohi suna ɗan ƙara wani abu. Sharaɗin shi ne kada dukiyar mutum ta wuce dala 2,000, ma'aurata 3,000, ban da gidan da yake ciki da mota ɗaya. Tun 1989 ba a taɓa wannan adadi ba. A duba abin da dala 2,000 ke saya a 1989 da abin da take saya yau a New York, inda ba ta isa hayar wata ɗaya a unguwanni da yawa. Wannan ƙa'ida tana hukunta tattali ne kawai. Kuɗin adashin da ya faɗo asusun banki ya kwana har farkon wata dukiya ne a lissafinsu. Filin da mutum ya saya a gida yana jiran ranar komawa, in ana iya sayar da shi, shi ma dukiya ne. Wanda ke zaune gidan ɗan'uwa kyauta ana iya yanke masa sulusin kuɗin. Ga baƙi kuma dokar 1996 ta tsuke ƙofar: mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, da ya shigo bayan 22 ga Agustan wannan shekara galibi sai ya tara maki 40 na aiki, kuma ba ya samu a shekaru biyar na farko, 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka kuma shekara bakwai kawai aka ba su in ba su zama 'yan ƙasa ba.

Ma'anar nakasa iri ɗaya ce a asusun biyu, kuma mai tsauri ce. Babu rabin nakasa, babu ta ɗan lokaci. Sai ciwon da likita ya tabbatar ya hana mutum aikin neman kuɗi na a zo a gani, kuma ya ɗauki wata 12 a jere, ko ana sa ran zai ɗauka, ko zai kai ga mutuwa. Sun sa wa "aikin a zo a gani" farashi: a 2025 dala 1,620 a wata kafin a cire haraji. Ana tantance nema ne a matakai biyar. Wanda ke samun fiye da wannan adadi, a mataki na farko za a rufe fayil ɗinsa ba tare da an duba takardar likita ko ɗaya ba. Mataki na biyu tambaya ce mai sauƙi, ko ciwon yana da tsananin da zai taɓa aiki. Rigimar tana farawa ne daga na uku.

A mataki na uku ana gwada mutum da jerin cututtukan da hukumar ta wallafa, wanda ma'aikata da lauyoyi ke kira Shuɗin Littafi. Sashe na 12 shi ne na ƙwaƙwalwa, kuma an sabunta shi a Janairun 2017. Lamba 12.03 ta ƙunshi sikizofiriniya da danginta, irin ciwon da ke sa mutum jin muryoyi ko zargin ana bin sa. 12.04 ciwon damuwa ne da bayifola, mai kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. 12.06 fargaba da firgita da waswasi mai tilasta maimaita abu. 12.15 kuma ciwon da ke biyo bayan tashin hankali, irin na wanda ya ga yaƙi ko aka yi wa fyaɗe. Kowace lamba tana da sakin layi na A, inda aka jera alamomi. A ciwon damuwa, misali, ana neman biyar daga cikin tara: baƙin ciki mai ɗorewa, fitar sha'awar kusan komai, canjin cin abinci har nauyi ya sauya, lalacewar barci, rashin natsuwar jiki ko sanyinsa da ido ke gani, mutuwar jiki, ganin kai ba shi da amfani ko yawan zargin kai, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa ko kashe kai. Yawancin masu nema suna tsallake A ba wahala, don haka suke zaton sun gama. Sunan cuta da alamominta ba su ke biya ba.

Sakin layi na B shi ne zuciyar al'amarin. Yana auna abu huɗu da kowane aiki ke buƙata: fahimtar umarni da tuna shi da aiki da shi; mu'amala da mutane; tattara hankali da ɗorewa a kan aiki da saurin da ake so; sai kula da kai da jure canji. Kowanne ana ba shi daraja a ma'auni mai hawa biyar, daga babu matsala, zuwa kaɗan, matsakaiciya, babba, har matuƙa. Ana son "matuƙa" a ɗaya ko "babba" a biyu. Likitocin da ke duba fayil a ofisoshin jihohi, inda ake fara tantance nema a madadin SSA, sun fi son kalmar "matsakaiciya", kuma matsakaiciya huɗu ba ta kai mutum ko'ina a wannan mataki. Akwai wata ƙofa, sakin layi na C, ga wasu daga cikin cututtukan: tarihin ciwo na aƙalla shekara biyu a rubuce, ana kan magani ko kulawar da ke danne alamomin, amma duk da haka mutumin a kan siraɗi yake, ƙaramin canji kamar sauya gida ko rasuwar mai kula da shi zai iya mayar da shi gadon asibiti. Nan ma kalmar da ke da muhimmanci ita ce "a rubuce".

To wa ke rubutun? Doka ta ware waɗanda za su iya tabbatar da cewa ciwon akwai shi: likita, masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, kuma daga Maris 2017 an ƙara manyan nas-nas masu izinin rubuta magani da mataimakan likita. Mai ba da shawara da majiyyaci ke gani duk mako, wanda sau da yawa ya fi kowa sanin halinsa, ba ya cikin wannan jerin, ko da yake ana karanta bayanansa wajen auna tsanani. A wannan watan na Maris 2017 ne kuma aka soke tsohuwar ƙa'idar da ke fifita ra'ayin likitan da ke kula da mutum a kan na likitan hukuma. Yanzu abu biyu ake dubawa a kowane ra'ayi: likitan ya kafa hujja da abin da ya gani, kuma maganarsa ta dace da sauran fayil ɗin? Shi ya sa wasiƙa mai layi biyu da ke cewa "wannan majiyyacina ne, ba zai iya aiki ba" ba ta da amfani ko kaɗan. Hukumar tana ɗaukar wannan hukuncin a matsayin nata, ba na likita ba. Wasiƙar da ke aiki ita ce wadda ta ce mutumin ba ya iya riƙe hankali fiye da minti goma sha biyar, yakan yi kwana uku ko huɗu a wata bai iya tashi daga gado ba, in aka yi masa gyara a wurin aiki yakan fashe da kuka ko ya fice, sannan bayanan ziyarce-ziyarcen baya su goyi bayan haka.

A nan "da sauƙi" ke yin ɓarnarta. A ɗauka wani magidanci ne a yankin Bronx na birnin New York, ya yi shekara goma sha biyu yana aikin gadi, ciwon damuwa ya kwantar da shi. Duk wata uku yana ganin likita na minti goma sha biyar don sabunta magani. Ranar asibiti matarsa ta lallaɓa shi ya yi wanka, na farko a cikin mako, ta goge masa kaftani, ta fesa masa turare, don kada a ga walakanci. Likita ya tambaye shi yaya ake ciki, ya ce an gode Allah. Ya tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, ya zabura ya ce a'uzu billahi, shi Musulmi ne, alhali dare da rana yana fatan kada gari ya waye da shi. Ziyara takwas, shekara biyu, fayil ɗinsa ya cika da "yana cikin natsuwa, tsafta mai kyau, ba ya tunanin cutar da kansa". Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma ranar da likitan nan zai rubuta cewa mutumin ba ya iya aiki, bayanansa na baya ne za su ƙaryata shi.

Maganin wannan ba wuya gare shi ba, sai dai yana son a ajiye kunya a bakin ƙofa. Wani na gida ya riƙe ɗan littafi, yana rubuta kwanan wata da abin da ya faru: yau bai ci komai ba sai shayi, jiya ya bar tukunya a kan wuta ya manta, ranar Talata ya fita sallar asuba ya kasa gane hanyar gida. A shiga da littafin wurin likita, a karanta masa, a roƙe shi ya sa a fayil. Majiyyaci yana da haƙƙin karɓar kwafin bayanansa, kuma ya kamata a karɓa a karanta, don a ga abin da ake rubutawa tun kafin hukuma ta gani. In harshe ne matsalar a nemi tafinta. A hulɗa da ita, SSA tana bayar da shi kyauta. Kada a sa ɗan cikin mutum ya yi masa tafinta, don babu uban da zai faɗi a gaban ɗansa cewa yana jin muryoyi. Sashe na 12 na Shuɗin Littafi da kansa ya ce a yi la'akari da harshe da al'adar mutum wajen auna ciwonsa, amma sai wani ya buɗe baki ya faɗa cewa a wurinmu "lafiya lau" gaisuwa ce, ba rahoto ba.

Sai takardar da ta fi kayar da mutane, mai lamba SSA-3373, wadda ke tambayar yadda mutum ke wuni. Tambayoyinta kamar na hira: me kake yi daga tashi zuwa kwanciya, kana dafa abinci, kana sayayya, ina da ina kake zuwa a kai a kai, minti nawa kake iya mayar da hankali, yaya kake da shugabanni a wurin aiki. Mutum ya rubuta "ina dafa abinci", sai a fahimta yana iya tsara aiki ya kai shi ƙarshe, alhali taliyar leda yake jiƙawa sau biyu a mako. Ya rubuta "ina zuwa masallaci", sai a rubuta cewa yana cuɗanya da jama'a lafiya, alhali ƙaninsa ke jan hannunsa ranar Juma'a, a sahun ƙarshe yake tsayawa, ana sallama ya sulale bai gaisa da kowa ba. Kowace amsa tana son jela: sau nawa, da taimakon wa, tsawon wane lokaci, me ke biyo baya. Kuma a kwatanta matsakaicin mako, da kwanakinsa masu kyau da munana, don ciwo irin bayifola ba ya tafiya a layi ɗaya. Akwai 'yar'uwar wannan takarda, SSA-3380, da ake ba wanda ya san majiyyacin. Dokar ta ambaci dangi da maƙwabta da malaman addini a cikin waɗanda ake sauraron shaidarsu, don haka limamin da ya ga mutum ya tashi daga ladanci ya koma ba ya iya haɗa ido da kowa zai iya rubuta abin da ya gani. Ƙari gishiri kuma yana kashe fayil kamar yadda ɓoyewa ke kashe shi. In takarda ta ce ba ya fita ko ƙofa, bayanin likita kuma ya ce ya tuƙo kansa zuwa asibiti, an daina yarda da sauran maganarsa.

Giɓi a tarihin magani shi ne rami na gaba. Wata shida ba a ga likita ba, mai duba fayil zai karanta shi a matsayin wata shida na lafiya. A cikinmu dalilin giɓin sananne ne: an ce jinnu ne ko sammu, an koma ruƙiyya da rubutu da hayaƙi, wani lokaci ma an sa mutum a jirgi an kai shi gida. Ba ina cewa a bar addu'a ba. Amma SSA ba ta karɓar shaidar mai ruƙiyya a matsayin hujjar ciwo, kuma mai karɓar SSI da ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗinsa zai tsaya, ba zai dawo ba sai ya sake yin kwana 30 cur a cikin ƙasar. A haɗa biyun, a riƙe ranakun asibiti. In kuma giɓin ya riga ya faru, a faɗi dalilinsa a rubuce. Ƙa'idojin hukumar sun yarda cewa rashin kuɗin magani, ko illar maganin, ko ciwon da kansa da ke sa mutum ya ƙi yarda ba shi da lafiya, duk uzuri ne. Sai dai uzurin da ba a faɗa ba babu mai nemo maka shi.

In fayil ya yi siriri, ofishin jiha zai tura mutum wurin likitan da hukuma ke biya, ganawa ɗaya, sau da yawa ƙasa da awa guda. Zai ce ka maimaita kalmomi uku, ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka faɗi ranar yau. Mai matsanancin ciwon damuwa da ya yi karatu zai iya cinye wannan duka, ya koma gida ya kwanta kwana biyu. Ƙin zuwa kuwa ya fi muni, don ana iya ƙin biya saboda rashin haɗin kai kawai. Batun shaye-shaye ma a taɓa shi: tun 1996 doka ta ce in giya ko ƙwaya ce ke riƙe da nakasar, wato in da mutum zai daina ya iya aiki, ba a biya. Mai ciwon ƙwaƙwalwa da ke sha ba a kore shi kai tsaye ba, amma yana buƙatar bayanan wani lokaci da ya daina kuma ciwon bai tafi ba, kamar makonnin da ya yi a kwance a asibiti.

Yawancin waɗanda suka yi nasara ba a mataki na uku suka yi ta ba, a na huɗu da na biyar ne, inda ake auna ragowar ƙarfin mutum a tambaya ko zai iya aikinsa na da, ko wani aiki daban da ke akwai a ƙasar. Tun Yunin 2024 aikin shekara biyar na baya kawai ake dubawa, da can goma sha biyar ne. Tun Afrilun 2020 kuma rashin jin Turanci ya daina zama abin da ake sassauta wa mutum a kansa, canjin da ya fi taɓa baƙi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce: ba zai iya komawa gadi ba, amma zai iya aiki mai sauƙi mai maimaituwa, ba tare da hulɗa da jama'a ba, kamar wanke-wanke ko shirya kaya a kwali. Littafin sana'o'in da suke dogara da shi rabonsa da gyara tun 1991, kafin yawancin mutane su san intanet. Duk da haka akwai tambayar da ke warware shari'a a gaban alƙalin hukuma mai sauraron ɗaukaka ƙara. Lauya zai juya ga masanin sana'o'in da hukuma ta gayyato ya ce: mutumin da zai riƙa fashin aiki kwana biyu ko uku duk wata, ko hankalinsa zai bar aikin kashi 15 cikin ɗari na wuni, akwai mai ɗaukarsa? Amsar da suka saba bayarwa ita ce babu. Duk wahalar tara takardu don a kai ga wannan tambayar ce, da hujjar da za ta sa alƙali ya yarda cewa mutumin da aka kwatanta shi ne wanda ke zaune a gabansa. Aikin da aka gwada aka kasa cikin wata shida saboda ciwo ba ya ɓata fayil, hasali ma yakan ƙarfafa shi, musamman in akwai takardar kora ko ta gargaɗi.

Kusan biyu cikin uku na masu nema ana ƙin su a karon farko, bayan jiran da kan kai wata shida zuwa takwas. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a jefar da wasiƙar a ce ba rabo, ko a sake sabon nema daga tushe. Kwana 60 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, da ƙarin kwana biyar na gidan waya. Ana fara da sake dubawa a ofishin jiha, inda kaɗan ne ke tsira, sai zama gaban alƙalin hukuma, inda wajen rabi ke samu, sai majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. Wanda ya sake sabon nema ya zubar da ranar nemansa ta farko, kuma da ita ake lissafin bashin baya, wato kuɗin watannin da suka wuce da za a biya shi in ya ci. SSI ba ya biyan ko kwana ɗaya kafin ranar nema. SSDI yana iya komawa baya har wata 12, bayan an cire wata biyar na jira da ba a biya. Lauya ba ya karɓar ladan aikinsa sai an ci, sannan ya ɗauki kashi 25 cikin ɗari na bashin baya, kada ya wuce dala 9,200 a ƙa'idar da ta fara aiki ƙarshen Nuwamban 2024. Duk wanda ya nemi kuɗin aiki a hannu tun farko, a yi hattara da shi.

Masu kare tsaurin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: ciwon da ba a gani a hoto ana iya kwaikwayonsa, kuɗin kuma na masu biyan haraji ne. Amma Amurka ta taɓa gwada tsauri tsagwaronsa. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Shugaba Reagan ta bi fayiloli ta yanke wa dubban ɗaruruwan mutane kuɗinsu, masu ciwon ƙwaƙwalwa da yawa a ciki, har kotuna da gwamnonin jihohi suka yi tutsu, majalisa ta yi dokar gyara a 1984 wadda ta hana yanke wa mutum kuɗi sai an nuna ya samu sauƙi. Wani binciken ofishin bin diddigi na majalisar dokoki da ya fito a 2020 ya gano cewa sama da mutum 100,000 sun mutu suna jiran sakamakon ɗaukaka ƙara tsakanin 2008 da 2019. Mai wayon da zai yi ƙarya shi ne mai ƙarfin cika takardu da bin wa'adi. Wanda aka tankaɗe ya fita ta ƙasa shi ne wanda wasiƙunsa ke jibge a bayan ƙofa ba a buɗe ba. Ga kuma abin da na kasa gane hikimarsa: wanda aka amince ya nakasa a SSDI sai ya jira wata 24 kafin ya samu inshorar lafiya ta Medicare, alhali ci gaba da ganin likita shi ne sharaɗin da ake bin sa da shi. Mai SSI ya fi shi sa'a a nan, don a yawancin jihohi Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, na zuwa tare da kuɗin.

Ko an amince ma ba a rufe fayil ba. In hukuma ta ga mutum ba zai iya riƙe kuɗi ba, za ta naɗa masa wakili, galibi ɗan'uwa, wanda dole ya kashe kuɗin a kan majiyyacin, haya da abinci da magani tukuna. Ba kuɗin aikawa gida ba ne. Mai SSDI da ya ji ƙarfi yana da wata tara na gwajin aiki ba tare da an taɓa kuɗinsa ba, kuma a 2025 duk watan da ya samu fiye da dala 1,160 ana ƙirga shi a cikin taran. Dole a sanar da hukuma duk aikin da aka fara, in ba haka ba wata rana wasiƙa za ta zo tana neman a mayar da kuɗin shekara biyu. Sannan ana sake duba lafiyar mutum, yawanci duk shekara uku in ana ganin zai iya samun sauƙi, biyar zuwa bakwai in ba a sa rai. Takardar da za ta zo a lokacin za ta nemi sunayen likitocin da ya gani da ranakun da ya gan su, kuma mutane da yawa tun watan da kuɗi ya fara shigowa suka daina zuwa asibiti.